Fassarar Aikatan Shela daga Ingilishi zuwa Jamusanci: Misalai daga Tibati da Arewacin Kamaru

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wata matsala da ɗaliban fassara kan yi karo da ita tun a makonnin farko na darasi, wato yadda za a mayar da aikatan Ingilishi irin su announce da declare da proclaim zuwa Jamusanci a cikin sanarwar hukuma. Idan ɗalibi ya buɗe ƙamus ya duba proclaim, zai tarar da verkünden da ausrufen da erklären da proklamieren an jera su kamar duk abu ɗaya ne. Ƙamus ba ya gaya masa wanda zai ɗauka a jimlar da ke gabansa, don haka yawanci yakan ɗauki na farko. A hira ta yau da kullum wannan ba ya jawo wata ɓarna. A sanarwar hukuma kuwa, zaɓin aikatau shi ne ke nuna ko an yi abu ko za a yi shi, ko mai maganar yana da ikon yin ta, ko kuma labari kawai yake bayarwa.

Manufar takardar ita ce ta nuna cewa mai jin Hausa yana da ma'aunin wannan zaɓi a cikin harshensa. Bahaushe ya san bambancin sanar da shelanta da ayyana da bayyana, ko da bai taɓa zama ya tantance shi ba. Ɗalibin da ya fara tambayar kansa da wace kalma za a faɗi maganar a ƙofar fada ya fi kusa da dacewa da kalmar Jamusanci a kan wanda ya dogara da Ingilishi kaɗai. An ɗauko yawancin misalan daga Tibati da Garwa, domin a can ne Hausa da Jamusanci suka taɓa haɗuwa a fagen mulki. Jimlolin da aka yi wa lamba an shirya su ne domin darasi.

2.0 Tibati da Harsunan Sanarwa

Tibati gari ne a yankin Adamawa na ƙasar Kamaru, kuma shi ne hedikwatar gundumar Djerem. Haman Sambo ne ya kafa sarautar Fulani a wurin a farkon rabin ƙarni na 19, a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama na Yola. Fillanci ne harshen fada da na gari, amma fatake Hausawa masu cinikin hauren giwa da goro sun zauna a can tun da wuri, kuma yawancin fadojin Adamawa sun ari sunayen sarauta irin su Galadima da Sarkin Yaƙi da Sarkin Fada. Masanin tarihi Eldridge Mohammadou ya tattara tarihin garin daga bakin mutanensa ya buga shi da Faransanci a 1965.

Jamusawa sun kafa tutarsu a Duwala ranar 14 ga Yuli 1884 ta hannun Gustav Nachtigal. A 1893 suka yi yarjejeniya da Ingila wadda ta raba Adamawa biyu, Yola ta faɗa ɓangaren Ingila, sauran mafi yawan ƙasar ta faɗa ɓangaren Jamus. Amma sojojinsu ba su shiga Tibati ba sai a watan Maris na 1899, lokacin da rundunar von Kamptz ta ci garin da yaƙi, daga baya aka tuɓe Lamiɗo aka ɗora wani. Garwa ta zama cibiyar mulkinsu a arewa har zuwa watan Yuni na 1915, sa'ad da sojojin Ingila da Faransa suka karɓe ta.

Wannan ɗan gajeren zamani ya bar takardu masu yawa da Jamusanci, wasu a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Yawunde, wasu a Barlin. Jaridar gwamnati mai suna Deutsches Kolonialblatt, wadda ta fara fita a 1890, cike take da dokoki da sanarwa masu take irin su Verordnung da Bekanntmachung. A zamanin ne kuma Adam Mischlich ya buga ƙamusunsa na Hausa da Jamusanci a 1906. A yau harsunan gwamnati a Kamaru Faransanci ne da Ingilishi, ana kuma koyar da Jamusanci a makarantun sakandare. Ga kuma sashen Hausa na Rediyon Jamus da ke Bon, inda ake juya labarai tsakanin Jamusanci da Ingilishi da Hausa kullum. Saboda haka mai binciken tarihin Adamawa da mai aikin jarida duk suna bukatar sanin waɗannan aikatai.

3.0 Furucin Rahoto da Furucin Zartarwa

Kafin a shiga kalmomin, akwai wani bambanci da masanin falsafar harshe J. L. Austin ya fito da shi a littafinsa na 1962. Wasu jimloli labari suke bayarwa game da abin da ke akwai, ana iya cewa gaskiya ne ko ƙarya. Waɗannan za a kira su furucin rahoto. Wasu kuma faɗarsu ita ce aikata abin, waɗannan za a kira su furucin zartarwa. A dubi waɗannan:

(1) An ɗaura auren jiya da hantsi.
(2) Na ba shi aurenta a kan sadakin da aka ambata.

Jimla ta (1) rahoto ce, kowa zai iya faɗarta. Jimla ta (2) idan waliyyi ya faɗe ta a gaban shaidu, wakilin ango ya ce ya karɓa, aure ya ɗauru. Idan wani ɗan kallo ya faɗe ta, ba abin da ya faru. Wato furucin zartarwa yana da sharuɗɗa: mai iko, da wurin da ya dace, da mutanen da suka yarda da wannan iko.

Tarihin Tibati ya ba da misali mai kyau na sharaɗi na ƙarshe. Littattafan Jamusanci kan ce an mayar da Kamaru Schutzgebiet, wato ƙasar da ke ƙarƙashin kariyar Jamus, a 1884, kuma aikatau da aka saba amfani da shi a nan shi ne erklären. A wurin gwamnatin Barlin wannan furuci ya zartu. A fadar Tibati kuwa, inda ba a san da ikon mai furucin ba, shekara 15 aka yi ana mulki yadda aka saba. Mai fassarar da ya rubuta "Kamaru ta koma hannun Jamus a 1884" ya ƙara abin da aikatau ɗin bai faɗa ba. Daidai shi ne "Jamus ta ayyana Kamaru a matsayin ƙasar da ke ƙarƙashin kariyarta".

Daga nan za a iya fitar da tambayoyi uku da mai fassara zai yi wa kowace jimla. Ta farko, faɗar ce ke haifar da abin, ko ya riga ya kasance? Ta biyu, wane ne mai faɗa, kuma mene ne ikonsa? Ta uku, abin ya wuce ne ko yana tafe?

4.0 Rukunonin Aikatan Shela

Idan aka duba tushen kalmomin, aikatan shela na Jamusanci sun kasu rukuni uku, kuma kowane rukuni yana da takwara a Hausa.

4.1 Rukunin Sani

Hausa ta samar da sanar daga sani, wato sa wani ya sani, aikatau ne ɗan aji na biyar wanda ke ɗaukar da kafin karɓau. Jamusanci ma haka ya yi da kalmomin bekannt da kund, waɗanda duk ma'anarsu "sananne". Daga gare su aka sami waɗannan aikatai.

Na farko shi ne bekannt geben. Wannan ne mafi kusa da sanar da. Abin ya riga ya faru ko an riga an yanke shi, ana fitar da shi ne ga jama'a, kamar sakamakon jarrabawa ko rasuwa ko sunan wanda aka zaɓa. Ɗan'uwansa bekannt machen shi ne ya haifi Bekanntmachung, takardar sanarwa da ake liƙawa a ƙofar ofis. Tun daga gyaran ƙa'idar rubutu na 2006 ana iya rubuta su a haɗe ko a rabe.

(3) The palace announced the death of the Lamido.
Der Palast gab den Tod des Lamido bekannt.
Fada ta sanar da rasuwar Lamiɗo.

Na biyu shi ne ankündigen, wanda ke kallon gaba kawai. Ana amfani da shi ga abin da bai riga ya faru ba, kamar ziyara ko taro ko ƙarin farashi. Ingilishi yana amfani da announce ga wannan da na sama duka, Hausa kuwa takan ƙara lamirin lokaci mai zuwa: "ya sanar cewa zai". Ranar 4 ga Nuwamba 1982 Shugaba Ahmadou Ahidjo, ɗan asalin Garwa, ya shaida wa 'yan Kamaru cewa zai sauka daga mulki, saukar kuma ta fara aiki ranar 6 ga wata, sa'ad da Paul Biya ya yi rantsuwa. A cikin waɗannan kwanaki biyu Ahidjo yana nan shugaban ƙasa. Jimlar da ta fi fito da wannan ita ce:

(4) Ahidjo kündigte seinen Rücktritt an.
Ahidjo ya sanar cewa zai yi murabus.

Ɗalibin da ya fassara (4) da "Ahidjo ya yi murabus" ya bar kujerar mulki ba kowa na kwana biyu.

Na uku shi ne verkünden, kuma shi ne mai nauyin rukunin. Yana bukatar mai iko da zama na musamman. Alƙali ne ke yin sa ga hukunci, gwamnati kuma ga doka. A tsarin mulkin Jamus, wanda shi kansa aka yi wa haka ranar 23 ga Mayu 1949, doka ba ta fara aiki sai shugaban ƙasa ya sa mata hannu an kuma fitar da ita a jaridar dokoki ta tarayya. Fitarwar ita ake kira Verkündung, ko da yake ba wanda ya ɗaga murya, kuma tun daga farkon 2023 ta intanet ake yin ta. Saboda haka a nan ne ake fassara promulgate, da kuma pronounce idan ana maganar hukuncin kotu. A ƙasar Ostiriya kalmar kundmachen ce ke yin wannan aiki ga dokoki.

(5) The court pronounced judgment on Monday.
Das Gericht verkündete am Montag das Urteil.
Kotu ta yanke hukunci ranar Litinin.

A lura cewa Hausa ta bar rukunin sani a (5). "Kotu ta sanar da hukunci" ba laifi ba ne a nahawu, amma yana sa a ji kamar magatakarda ne ya fito ya ba da labari. Haka kuma a kiyaye da verkündigen mai ƙarin gaɓa guda, wanda a yau ya fi zama kalmar addini, ta isar da bishara ko wa'azi.

4.2 Rukunin Kira

A ƙasar Hausa, kafin zuwan rediyo, saƙon sarki yakan isa ga talakawa ta bakin sanƙira ko mai shela, wanda zai zaga kasuwa da unguwanni yana yekuwa, wani lokaci bayan an buga gangami. Jamusawa ma sun yi irin wannan ma'aikaci, suna kiransa Ausrufer, daga aus, wato waje, da rufen, wato kira. Kalmar proclaim ta Ingilishi ita ma daga aikatau na Latin mai ma'anar ɗaga murya ta fito. Don haka ausrufen da shelanta gida ɗaya suke.

Ana amfani da ausrufen idan aka kafa sabon hali a bainar jama'a, kamar jamhuriya ko dokar ta-ɓaci ko yajin aiki, ko kuma aka kira wani da sarauta. Ranar 9 ga Nuwamba 1918 Philipp Scheidemann ya tsaya a ginin majalisar dokoki a Barlin ya shelanta jamhuriya, kuma har yau da wannan aikatau ake ba da labarin. Ranar 1 ga Janairu 1960 Ahidjo, yana firayim minista, ya shelanta 'yancin kan Kamaru a Yawunde. Ranar 14 ga Mayu 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa ta Nijeriya.

(6) Scheidemann rief die Republik aus.
Scheidemann ya shelanta kafuwar jamhuriya.
(7) The President declared a state of emergency.
Der Präsident rief den Notstand aus.
Shugaban ƙasa ya kafa dokar ta-ɓaci.

Misali na (7) ya nuna cewa declare ba kullum yake komawa erklären ba, suna da ke biye da shi ne ke jan aikatau. Idan abin da aka ɗora wa jama'a takura ce, kamar dokar hana fita, Jamusanci ya fi son verhängen, kamar yadda Hausa ke cewa an sa dokar hana fita. Kalmar proklamieren kuwa aro ce daga Latin, ma'anarta kusan ɗaya da ausrufen, sai dai ta fi dacewa da rubutun tarihi da manyan bukukuwa. Akwai kuma ausrufen na tashar jirgi, inda ake kiran sunan fasinja ta lasifika, wanda Hausa za ta ce ana cigiyarsa.

4.3 Rukunin Bayyanawa

Kalmar erklären ta fito daga klar, wato abin da yake sarari. Declare ma daga kalmar Latin mai wannan ma'ana take, haka kuma bayyana, wadda Hausa ta aro daga Larabci. Wannan kamanni na tushe shi ne ke yaudarar ɗalibai, domin erklären aiki biyu yake yi. A aji ko a hira ma'anarsa yin bayani. A bakin hukuma kuwa furucin zartarwa ne, kuma a nan takwararsa a Hausa ita ce ayyana, wata kalmar aro daga Larabci mai ma'anar tsayar da abu ko ware shi. Ginin jimla ne ke raba su.

(8) Der Lehrer erklärt den Krieg.
Malami yana bayanin yaƙin.
(9) Deutschland erklärte Frankreich den Krieg.
Jamus ta shelanta yaƙi a kan Faransa.
(10) Das Gericht erklärte die Wahl für ungültig.
Kotu ta soke zaɓen.
(11) Der Verfassungsrat erklärte ihn zum Sieger.
Majalisar tsarin mulki ta ayyana shi a matsayin wanda ya ci zaɓe.

Jimla ta (9) ita ce abin da ya faru ranar 3 ga Agusta 1914, yaƙin da ya kai ga fitar Jamusawa daga Garwa. A (10) da (11) ƙananan kalmomin für da zum su ne alamar cewa zartarwa ake yi, kamar yadda "a matsayin" ke bin ayyana a Hausa. A (8) da (9) kuwa sai an dubi mai magana da wanda aka yi wa, domin idan aka ce malami ya yi wa ɗalibai erklären na yaƙi, ginin jimlar ɗaya ne da na (9), hankali ne kawai ke hana a ce ya ɗaura yaƙi da su.

Sha'anin zaɓe ne wurin da kuskure a nan ya fi tsada. A Kamaru hukumar ELECAM ce ke shirya zaɓe, amma majalisar tsarin mulki ce kaɗai doka ta ba ikon shelanta sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. A watan Oktoba na 2018 Maurice Kamto ya ce shi ne ya ci zaɓe tun kafin majalisar ta zauna, daga baya majalisar ta ayyana Paul Biya. Haka aka sake yi a watan Oktoba na 2025 da Issa Tchiroma Bakary, mutumin Garwa. Ingilishi da Jamusanci duk aikatau guda suke amfani da shi ga ɗan takara da majalisa, abin da ya raba su wakilin suna ne kawai:

(12) Er erklärte sich zum Sieger.
Ya ayyana kansa a matsayin wanda ya ci zaɓe.

Idan kalmar sich ta kuɓuce wa mai fassara, ya juya (12) ta koma "an ayyana shi", ya ba ɗan takara abin da hukuma ba ta ba shi ba, a daidai lokacin da jama'a ke maƙale da rediyo. Mai fassara ba alƙalin zaɓe ba ne. Aikinsa ya tabbatar mai sauraro ya gane wanda ya yi furucin.

Akwai wani declare da ba ya cikin rukunin ko kaɗan, wato na kwastan. Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Yola zuwa Garwa zai nuna su a kan iyaka ya biya kuɗin fito. Jamusanci yana cewa anmelden ko deklarieren ko verzollen a nan.

5.0 Matsaloli Biyu na Nahawu

5.1 Lokacin Aikatau

Ingilishi da Jamusanci suna yin furucin zartarwa da lokaci mai ci, sau da yawa tare da kalmar hereby ko hiermit. Hausa tana yin sa da shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya: na ba ka, na karɓa, na yafe, na sake ki, na naɗa ka. Larabci ma haka yake yi a lafazin ɗaurin aure da na ciniki. Mai faɗar "na yafe" ba labarin yafiyar jiya yake bayarwa ba, a lokacin da kalmar ke fita daga bakinsa yake yafewa.

(13) I hereby declare this meeting open.
Hiermit erkläre ich die Sitzung für eröffnet.
Na buɗe wannan taro.

Kuskure yana zuwa ta fuska biyu. Mai juyawa zuwa Hausa yakan ce "ina bayyana wannan taro a buɗe", wanda bin sawun Ingilishi ne kalma da kalma, kuma ba shugaban taron da ya tashi da Hausa da zai faɗe shi da kansa. Mai juyawa zuwa Jamusanci kuma yakan ga "na buɗe" ya rubuta ich habe die Sitzung eröffnet, sai zartarwa ta koma rahoto, mahalarta su ɗauka an buɗe taron kafin su iso. Ƙa'idar ita ce, shuɗaɗɗen lokaci na mutum na ɗaya a bakin mai iko, a wurin zama na hukuma, yana komawa lokaci mai ci a Jamusanci.

5.2 Ɗafa-goshi Mai Rabuwa

Da yawa daga aikatan da aka ambata suna da ɗafa-goshi wanda ke rabuwa da saiwa ya koma ƙarshen jimla: ruft ... aus, gibt ... bekannt, kündigt ... an. Ga mai fassarar rubutu wannan ba wani abu ba ne, zai karanta jimlar har ƙarshe. Ga tafinta kuwa, wanda ke magana a bayan mai jawabi, wurin zamewa ne.

(14) Die Regierung kündigt das Abkommen mit dem Nachbarland an.
Gwamnati ta sanar cewa za a ƙulla yarjejeniya da ƙasar maƙwabciya.
(15) Die Regierung kündigt das Abkommen mit dem Nachbarland.
Gwamnati ta janye daga yarjejeniyar da ke tsakaninta da ƙasar maƙwabciya.

Kündigen shi kaɗai ma'anarsa warware alkawari ko sallamar ma'aikaci. Gaɓa guda a ƙarshen jimla ce ta raba ƙullawa da warwarewa. Hausa tana kawo aikatau da wuri a jimla, don haka tafinta yakan ji sha'awar farawa nan take. Wajibi ne ya haƙura har jimlar Jamusanci ta dire. Ita ma kalmar rufen haka take, idan ba aus a ƙarshe kira ne kawai.

6.0 Naɗin Lamiɗo a Matsayin Gwaji

Naɗin sarauta ya haɗa dukkan abin da aka tattauna. A Kamaru dokar 15 ga Yuli 1977 ta kasa sarakunan gargajiya daraja uku. Idan gadon sarauta mai daraja ta ɗaya ya zama ba kowa, hukuma takan tuntuɓi masu zaɓen sarki, firayim minista ya sa hannu a takardar naɗi, sannan a yi bikin ɗaura rawani. Marubucin Ingilishi zai iya dunƙule wannan duka ya ce he was proclaimed Lamido. Hausa tana da kalma ga kowane mataki, haka ma Jamusanci:

(16) Er wurde zum Lamido gewählt. An zaɓe shi Lamiɗo.
(17) Er wurde zum Lamido ernannt. An ba shi takardar naɗi.
(18) Er wurde zum Lamido ausgerufen. An shelanta shi Lamiɗo.
(19) Er wurde als Lamido eingesetzt. An ɗora shi a kan sarauta.
(20) Er wurde als Lamido anerkannt. An amince da shi a matsayin Lamiɗo.

Kowace jimla tana nuna inda iko yake. A (16) yana hannun masu zaɓe, a (17) yana hannun gwamnati, a (18) ana jin taron jama'a da ƙarar tambura, a (19) wani na sama ne ya ɗora, a (20) kuwa sarautar ta riga ta tabbata, na waje ne ya yarda da ita. Mai binciken da ke karanta rahoton wani hafsan Jamus game da abin da ya biyo bayan 1899 a Tibati dole ya lura da wanda marubucin ya zaɓa a cikin waɗannan, ya kuma riƙe shi a fassara, sannan ya gwada shi da abin da mutanen gari suka adana a baka. Idan ya mayar da su duka "an naɗa", ya shafe shaidar da yake nema.

Ya kamata a ƙara da cewa ausrufen ba kullum yake haifar da sarautar ba. Sarki Charles na Ingila ya gaji mahaifiyarsa ranar 8 ga Satumba 2022, a daidai lokacin rasuwarta, aka shelanta shi a Landan ranar 10 ga wata. Shelar ta tabbatar da abin da doka ta riga ta yi ne. Saboda haka sanin tsarin sarautar ƙasar da ake magana a kanta yana cikin aikin mai fassara.

7.0 Kammalawa

An ga cewa aikatan Ingilishi uku ko huɗu suna rarrabuwa zuwa aikatan Jamusanci da dama, kuma hanyar rarrabuwar ta yi kusa da wadda Hausa ke bi. Abin da ya riga ya faru ana yi masa bekannt geben, wato sanar da. Abin da ke tafe ana yi masa ankündigen, wato sanar cewa za a. Hukunci da doka suna ɗaukar verkünden. Sabon hali da aka kafa a gaban jama'a yana ɗaukar ausrufen, wato shelanta ko kafa. Tsayar da matsayin mutum ko na abu yana ɗaukar erklären tare da für ko zu, wato ayyana a matsayin. Daidaiton ba cikakke ba ne, kamar yadda misalai na (5) da (10) suka nuna, inda Hausa ta zaɓi yanke da soke. Duk da haka, ɗalibin da ya amsa tambayoyi ukun da ke sashe na 3.0 kafin ya buɗe ƙamus zai tarar jerin kalmomin ya ragu zuwa ɗaya ko biyu.

8.0 Jinga

(a) A fassara waɗannan zuwa Jamusanci da Hausa, a kuma faɗi dalilin zaɓin aikatau: The union declared a strike. The minister announced a visit to Tibati. The council declared the seat vacant.

(b) Sarkin Musulmi yakan sanar da ganin wata, sannan ya ayyana washegari a matsayin 1 ga Shawwal. A bayyana dalilin da ya sa aikatau guda na Jamusanci ba zai wadatar ga sassan biyu ba.

(c) A tattaro furucin zartarwa guda 10 na Hausa daga kasuwa da kotu da fada, a nuna lokacin aikatau na kowanne da sharuɗɗan zartuwarsa.

(d) Ɗaliban da ke jin Fillanci su gwada jimloli na (16) zuwa (20) da yadda ake faɗarsu a fadojin Adamawa.